Yadda Na Kai Ruwanmu Gwaji Kakuri

Tun ranar da na dawo daga Kaduna kunnena bai huta ba. In na shiga gidan suna, Uwani yaya ƙetaren gada? In na je ta'aziyya, maimakon a bar ni in yi wa mamaci addu'a, sai wata ta matso ta ce wai da gaske ne na kwana a Gonin Gora? Har wadda ko Bakori ba ta taɓa wucewa ba tana gyara mini labarin. To yau zan faɗa daga farko har ƙarshe, wadda ta sake tambayata bayan wannan sai dai ta shiga mota ta je ta gano wa idonta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, yayana Alhaji Sabi'u shi ne mai gidan fiya watan da ke bayan tasha a nan Funtuwa, ni kuma nake kula da matan da ke ɗura ruwa a leda suna liƙewa. Ruwanmu har Bakori da Ɗanja da Malumfashi ake kai shi. Zamanin soja ba wanda ya taɓa leƙo mu. Da farar hula suka dawo aka fara cewa duk mai sayar da ruwa sai ya yi rajista, muka ɗauka irin maganar rediyo ce. Sai ga ma'aikata wata safiya, suka zagaya, suka duba, suka sa wa ƙofar da muke lodi kwaɗo. Suka ce ko leda ɗaya kada ta fita kasuwa sai mun kawo sakamako daga ɗakin gwajin da hukuma ta yarda da shi, wanda ya nuna ruwanmu ya cancanci sha. Mafi kusa da muka ji labarinsa yana Kakuri, can bayan an ƙetare gadar Kaduna.

Lokacin kuwa ba a daɗe da tashin hankali a garin Kaduna ba, har ba a gama ɗage dokar hana fita ba. Yaya ya ce jininsa ya hau. Direbanmu ya ce matarsa ta kusa haihuwa, matar da na gani da idona tana surfe. Magatakarda ya ce ƙafa ke masa ciwo. Daga nan Yaya ya fara cewa in abin ya ƙi ci, zai sayar da injinan ya koma harkar hatsi. Shi yana da hatsin komawa. Matan nan fa? Yawancinsu mazansu sun rasu ko sun tafi cirani ba labari, da aikin ledar nan suke ɗora tukunya. Kullum sai su zo su zauna a gindin bango suna kallon kwaɗon, ni kuma ina kallonsu.

Na ce, "Yaya, ni zan je."

Ya ce, "Ke kin san inda ake magana kuwa?"

Na ce, "Ban sani ba. Amma tunda duk mazan gidan nan ba su da lafiya, sai mai lafiyar ta tafi."

Wani ɗan kasuwa mai saro atamfa ne ya karɓo mana kwalabe biyu daga ɗakin gwajin, a naɗe a takarda, tare da gargaɗi. Kada a buɗe sai lokacin ɗurawa. Kada a ɗauraye, domin an riga an dafa su an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ciki. Kada yatsa ya taɓa bakinsu. In an rufe a naɗe murfin da salatif, a sa cikin ƙanƙara, a kai a ranar. Da sassafe na cika ɗaya daga rijiyar burtsatse, ɗaya daga tanki bayan ruwan ya bi ta matata. Matan suka ɗura mini ledoji kaɗan yadda muka saba. Na jera komai a kula, na danna ƙanƙara, na yi bismilla.

Rigima ta farko a tasha aka yi ta. Yaron mota ya wafce kular zai cusa a but, tsakanin buhun barkono da wata akuya da aka ɗaure wa ƙafa. Na ce ajiye mini. Ya ce ba a shiga da kaya. Na ce wannan ba kaya ba ne, fasinja ce, a cinyata za ta zauna. Haka na rungume ta muka tashi, mu huɗu a kujerar da aka yi wa mutum uku.

Ba mu kai Giwa ba rana ta buɗe. Wani dattijo da ke gefena, mai goro a baki, ya ji sanyin kula a hannunsa, ya ce, "Hajiya, a sam mini ruwan sanyi."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa hana ɗan Adam ruwa ba, balle tsoho, balle ni da ruwa ne sana'ata. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba na sha ba ne."

"Ba ruwa ba ne?"

"Ruwa ne."

"To na mene ne?"

Na ce na gwaji ne. Nan mota ta ɗauka. Wata mai goyo ta ce ita ba ta taɓa ganin rowa irin wannan ba. Na gaba ya juyo ya ce duniya ta zo ƙarshe, Musulma ta hana tsoho ruwa. Direba ma ya tsoma baki ta madubi. Na ƙara matse kular. Da na buɗe ta sau ɗaya, kowa zai miƙo hannu, sanyin ya fice, in isa Kakuri da ruwan ɗumi.

Bayan mun wuce Zariya, gab da Jaji, taya ta fashe. Safayar ma ba iska. Yaron mota ya gangara da ita neman mai faci, aka bar mu a gindin wata bishiyar da ba ta da inuwar kirki. Ina zaune na ji ɗigon ruwa a ƙafata, ƙanƙara ta fara narkewa. Na ɗora kula a ka na bi titi har na iske wata mata mai zoɓo a bokiti, da ƙaton dutsen ƙanƙara a ciki. Na ce ta sayar mini da ƙanƙarar. Ta ce in ta sayar, wa zai sha zoɓo da zafi? Sai dai in haɗa duka. Na haɗa. Ta biyo ni da bokitin har gindin bishiya, na ce kowa ya sha. Mai goyon nan kofi biyu ta yi. Dattijon ya shanye nasa, ya goge baki, ya dube ni ya ce, "Allah ya shirye ki, 'yar nan." Na ce amin.

Daga Kawo na shiga bas zuwa Tudun Wada, gidan Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifinmu. Niyyata in yi azahar, in tambayi hanya, in wuce. Gwaggo tana jin na ambaci Kakuri ta saki muciya.

"Kakuri? Ke kaɗai? Sabi'un ne ya turo ki? Wannan yaro Allah ya sa ba taɓin hankali ya samu ba."

Ta shiga lissafa mini waɗanda suka taso daga can suka dawo nan, da maƙwabtanta na shekara da shekaru da suka kwashe kaya suka koma can. Ta ce yanzu gadar nan iyaka ce, kowa ya san ɓangarensa. Na ce na ji, amma ruwa ba ya jira. Na bayyana mata cewa in ya ci gwajin a buɗe mana, in ya faɗi shi ke nan. Na ajiye kular a ɗakinta saboda ya fi sanyi, na fita alwala.

Ina sallame salla na shiga ɗakin. Me zan gani? Gwaggo zaune a bakin gado, kula a buɗe, ta ɓare salatif, ta cire murfin kwalbar tanki, ta kai ta bakinta tana karatu a hankali tana tofawa. Tuf, tuf, tuf. Ta biyun tana kan cinyarta tana jiran layi.

"Gwaggo!"

Ta ɗaga mini hannu wai in bari ta kai aya. Na yi tsalle ɗaya na ɗauke wadda ba a buɗe ba.

"Gwaggo, me kika yi mini haka?"

"Me na yi? Ba ke kika ce in ya faɗi an rufe gidan ba? Duk jikan da zai shiga jarrabawa a gidan nan sai na yi masa tofi a ruwa, ko ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Miƙo ɗayar in ƙarasa."

Ku da kuka san ni kun san bakina ba shi da birki. Amma wa zan zaga? Tsohuwar da ta goya ni, tana yi mini addu'a da zuciya ɗaya? Duk hana tsohon nan ruwa da na yi, duk zagin da na sha a mota, ga inda abin ya ƙare. Na rufe kwalbar, na mayar da ita cikin ƙanƙara, na ce na gode Gwaggo, Allah ya karɓa. Ta raka ni har bakin titi tana ƙara tofa mini a ka.

Bas ɗin da na shiga bai ƙetare ba. Kafin gada kwandasta ya ce ƙarshen hanya ke nan, a sauka. Akwai shingen sojoji, kowa da ƙafa yake wucewa, hannu biyu a sama. To ni da kula fa? Na yi gammo da gefen mayafi, na ɗora ta a ka, na ɗaga hannuwa ina takawa a hankali kamar mai tallar nono. Wani soja dogo ya tsayar da ni.

"Madam, wetin dey inside?"

Na gane yana tambayar me ke ciki, na ce, "Wata," wato ruwa. Iyakar Turancina ke nan a lokacin tsoro.

Ashe yana jin Hausa, irin ta bariki. Ya sa na sauke, ya leƙa, ya ce daga ina? Na ce Funtuwa. Ya kira ɗan'uwansa ya ce zo ka ga ikon Allah, ta ɗauko ruwa tun daga Funtuwa, ga kogi guda a ƙarƙashinta. Suka yi dariyarsu, bai taɓa komai ba, ya ce in wuce. Da na kai tsakiyar gada sai da na tsaya cak, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina, Uwani, ko dai ki ƙarasa ko ki koma ki zauna a gindin bango tare da matan can. Na ƙarasa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne rashin abin mamaki. Masu gasa masara, masu faci, 'yan acaɓa suna kiran fasinja da Hausa. Wani ya ɗauke ni har Kakuri, muka ratsa ta tsakanin manyan masaƙu, wasu na hayaƙi, wasu an rufe ciyawa ta cinye ƙofa. Ɗakin gwajin a saman wani bene yake, bayan wani shagon magani.

Mai wurin sunanta Madam Rifkatu, mutuniyar wajen Kafanchan, gajeriya mai tabarau da farar riga. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta tsoma hannu a kula ta ji sanyi, ta ce madalla. Ta ɗaga kwalbar rijiya ta juya ta, ta ajiye. Ta ɗaga ta tanki, ta dubi salatif ɗin da ya yamutse.

"Hajiya, wa ya buɗe wannan?"

Ƙarya ta zo har bakina, in ce ni ce na sake naɗewa. Sai na tuna ba don in yaudari kowa na sha wannan wahalar ba. Na kwashe labarin Gwaggo na faɗa mata. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta cire tabarau tana share hawaye.

"Wayyo Allah, Mamata sak! Ita ma ba abin da zai fita gidanmu ba ta ɗora masa hannu ta yi addu'a ba. Sai dai ita ba ta buɗe murfi."

Ni dai ban ga abin dariya ba. Na ce yanzu yaya ke nan? Ta ce wannan kwalbar ba za ta shiga takarda ba, ta tashi daga ruwan tanki ta koma ruwan Gwaggo. Za ta gwada ta rijiya da ledojin. Amma ta ce za ta ɗiba daga ta Gwaggon ma ta ajiye gefe, akwai abin da take so in gani. Na zauna ina kallo ta gilashi, ta wanke hannu, ta rufe baki da hanci, ta kunna wata 'yar wuta, tana ɗiban ruwa tana zubawa a ƙananan faranti masu murfi. Ta jera su a wani akwati mai ɗumi irin na ƙyanƙyasar ƙwai. Ta ce sai jibi, ƙwayar cuta ba a ganinta sai an ba ta abinci da lokaci ta yi yawa.

Kafin ta gama rana ta yi ƙasa. Ta leƙa taga ta ce ba motar da za ta kai ni gada kafin dokar hana fita ta fara. Ta ce, "In ba za ki damu ba, gidana yana Gonin Gora." Sunan nan kuwa yana cikin wuraren da Gwaggo ta lissafa. Amma ina zan je? Na ɗauki kulata, duk da ba komai a ciki, na bi ta.

Gonin Gora a bakin titin Abuja take, masu doya da manja da burodi jere, motoci na tsayawa ana ciniki ta taga. Gidan yana ciki kaɗan. Kare ne ya fara tarbarmu, na yi salati na maƙale a bayan Madam. Mijinta, Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin masaƙa da ya yi ritaya, ya fito da sauri ya ɗaure shi a baya, kuma har na bar gidan ba a sake shi ba. Ya nuna mini gabas tun ban tambaya ba, ya kawo buta da sabuwar tabarma. Can sai na gan shi ya fita da kaza a hannu. Na tambayi Madam, ta ce wurin mahaucin bakin titi zai kai, Musulmi ne, shi zai yanka don in ci hankali kwance. Ta ce sun yi shekaru a Unguwar Mu'azu kafin su taso, sun san komai. Da ta faɗi sunan unguwar muryarta ta canza. Ba mu ƙara maganar ba.

Tuwon acca aka yi da miyar karkashi. Acca dai sai a hankali, tana da ɗan tsaki-tsaki a baki, amma na cinye. Abin da ya ɗaure mini kai, kowa a teburi ɗaya, miji da mata da 'ya'ya da baƙuwa, kuma da aka gama Baba Yohanna ya kwashe kwanuka da kansa. Na ce a raina, ina Yaya Sabi'u ya zo ya gani, shi da ko kofin da ya sha ruwa sai an zo an ɗauke. Sannan Baba ya ce a wurinsu ba a kiran babbar mace da sunanta, in faɗi sunan ɗana na fari su riƙa ce mini Maman wane. Ni? In kama sunan ɗan fari, a gaban mutane? Na rufe fuska da mayafi. Ita kuwa Madam tana ta ƙwala wa nata ɗan farin kira da sunansa gatsal, har tana shafa masa kai. Da suka ga na ƙi, Baba ya ce to shi ke nan, Maman Kula.

Da asuba ina salla a ɗaki, su kuma suna falo suna waƙoƙin addu'arsu da Hausa, a hankali don kada su dame ni. Da gari ya waye Madam ta ce in ina so in koma Tudun Wada in dawo. Na ce ba inda za ni. Ɗaya, ban shirya ganin Gwaggo ba tukuna. Biyu, ji nake in na yi nisa da farantan nan wani abu zai same su. Na bi ta wurin aiki na yini a kan benci ina kallon akwatin, tana ta tsokanata wai kallo ba ya hana ƙwaya fitowa.

Ranar da aka buɗe, ta kira ni ciki, ta jera faranti uku a ƙarƙashin fitila. Na farko tas, ba ko ɗigo. Ta ce rijiyarku ce, Allah ya ba ku ruwa mai kyau. Na biyu ya yi ɗige-ɗige fari da rawaya, kamar an watsa gero. Ta ce na Gwaggo ne, abin da ke bakin kowane mai rai ke nan, ni da ke da limami da fasto. Na uku kuwa da ƙyar za ka bambanta shi da na biyu.

"Wannan fa?"

"Ledarku ce, Hajiya. Wadda kuke sayarwa."

Na nemi kujera. Ta ce ruwa ya fito daga ƙasa da tsabta, ya shiga leda da datti, to a tsakani abin yake. Ta miƙo mini wata sabuwar leda da ba a ɗura ba, ta ce in nuna mata yadda muke yi tun daga farko. Na karɓa. Kun san sabuwar leda a manne take. Na murza bakinta da yatsu, na kai bakina, na hura, ta buɗe.

"Tsaya nan," in ji Madam.

Na tsaya da leda a baki. Haka muke yi, haka kowane gidan ruwa da na sani yake yi, haka masu ƙulla zoɓo da kunun aya suke yi tun muna yara. Mata cike da ɗaki, mai tari da mai mura da mai goro, kowace leda sai an hura mata kafin ruwa ya shiga. Ni da nake fushi da Gwaggo a kan kwalba ɗaya. Madam ta ce ba ta ce shi kaɗai ba ne, tankin ma yana iya zama da nasa, amma tunda kwalbarsa ta lalace ba ta da ta cewa. Ta rubuta abin da ta gani, ta sa hannu, ta buga hatimi. Ruwanmu ya faɗi.

A ƙasan bene wani mai jaka a hamata ya tare ni, ya ga fuskata ya gane. Ya ce shi ba ma'aikacin nan ba ne, amma in takarda mai kyau nake so, akwai inda ake yi ba sai an kawo ruwa ba, kafin la'asar ta fito. Ba zan ce zuciyata ba ta motsa ba, domin fuskokin matan nan ne suka zo mini. Amma na riga na ga farantin. 'Ya'yan matan nan ma ruwan suke sha, jikokina ma shi suke sha. Na ce, "Malam, matsa mini in wuce tun ban tara maka jama'a ba." Na koma sama na roƙi sababbin kwalabe, Madam ta ba ni, ta kuma zauna ta koya mini abin da za mu gyara ɗaya bayan ɗaya.

Da na dawo Yaya ya karanta takardar ya jefar a tabarma. Ya ce ya tura ni neman mafita na dawo masa da shaidar da za a rufe shi. Ya ce gobe zai kira mai sayen injin. Na ce, "Yaya, ka ba ni zuwa ƙarshen wata. In ya sake faɗuwa, ni zan taya ka loda injinan a mota." Ya ce taurin kaina na mahaifinmu ne. Na ce ai gida ɗaya muka fito.

Matan suka fi shi wuya. Da na ce an daina hura leda, suka kwashe da dariya, wata ta ce to da me za mu buɗe, da addu'a? Na sa maƙeri ya yi wa kowane famfo siririn baki, a zura leda a kai ruwa ya buɗe ta da kansa. Aka wanke tanki da maganin da Madam ta rubuta, aka canza matata, aka ajiye sabulu da ruwa a ƙofa. Amma baki ya riga ya saba. Ina juya baya sai in ji fuu. Ƙarshe na sa tela ya ɗinka ƙyallaye, kowace ta ɗaure baki da hanci kafin ta shiga. Suka ce na mayar da su jakunan da aka sa wa takunkumi, suka daina gaishe ni, har da waɗanda don su nake yi. Na ce ku ƙi ni, amma ku ɗaure. Kullum muna ɗurawa muna zubarwa a lambu, don hannu ya koya, Yaya na wucewa yana tsaki.

Tafiya ta biyu ba ta da labari mai yawa. Na naɗe kular cikin zani don kada wani ya ji sanyinta. Ban biya Tudun Wada ba sai a dawowa. An ɗage shingen gada, bas ya ƙetare da ni a zaune. A Gonin Gora tun daga nesa Baba Yohanna ya hango ni ya ce, "A ɗaure kare, ga Maman Kula!"

Ranar sakamako ban iya shiga ba. Na zauna a benci ina jan carbi. Madam ta daɗe a ciki. Da ta fito fuskarta ba ta nuna komai ba, takarda a hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da ledar ruwanmu, cikin waɗanda suka rage a firiji. Ta ajiye takardar a teburi. Na kasa kallonta, ita nake kallo.

Na ce, "Madam, don girman Allah ki faɗa mini."

Ta goge ledar da gefen rigarta, ta ciji kusurwa, ta ɗaga kai ta shanye ta tas a gabana. Ta sauke numfashi ta ce, "Kai, akwai sanyi. Je ki ce su cire kwaɗon nan, Hajiya."